Kafin ka baro Sabon Birni ko Isa don hoton maƙogwaro da ciki

Aikina ɗaukar hoto ne a asibiti, a Sakkwato. Akwai hoton da nake son mu yi magana a kansa, musamman da 'yan uwana na Gobir, wanda ake ba mutum wani farin ruwa ya sha ana kallon yadda yake sauka. Sunan ruwan bariyam. Likita kan rubuta shi ga wanda abinci ke tsaya masa a ƙirji, ko mai yawan amai, ko mai ƙwannafin da ya ƙi jin magani, ko yaron da ya sha sodar haɗa sabulu ta ƙone masa hanyar abinci.

Hoton da kuka saba da shi yana nuna ƙashi sarai, amma maƙogwaro da tumbi da farkon hanji nama ne, haske ratsa su yake yi ya wuce. Bariyam kuwa tare hasken yake. Idan ya shafe bangon ciki, sai a ga inda hanya ta tsuke, ko inda gyambo ya yi rami, ko inda wani ƙari ya tsiro. Na'urar ma ba irin ta kowane asibiti ba ce, mai nuna motsi ce a allo, shi ya sa galibi sai an turo mutum manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Abin da ya fi ɓata mana aiki shi ne karin kumallo. Dattijo zai taso daga Gatawa ko Bafarawa, ya ratso hanyar da kowa ya san halin da take ciki, ya biya kuɗin mota nasa da na ɗan rakiya, ya iso. In tambaye shi, "Baba, ka ci wani abu?" Ya ce, "Ko kusa, ɗana, fura kawai na sha a Goronyo." To, furar nan ta gama da hoton ranar. Gero yana kwance a tumbi, ruwan ba zai kama bango ba, kuma guntun abinci na iya fitowa a hoto tamkar ƙari. Dole ciki ya zama wayam, awa 6 zuwa 8. Daga tsakar dare ba koko, ba shayi, ba taba. Goro ma a haƙura da shi, don shi ne mutanenmu ba sa ƙirgawa cikin abinci. Shawarata, a shigo gari tun ana gobe, a kwana, a zo da safe. Ya fi a yi sammako da yunwa a kan hanya, ya kuma fi a maimaita tafiyar. Mai ciwon suga ya tambayi likita tun ranar da aka ba shi takarda yadda zai yi da maganinsa.

A ɗakin hoto za a ba ka riga. Sarƙa, 'yan kunne, laya, guru, duk a cire. Ba ruwanmu da abin da ke ciki, inuwarsu ce ke rufe mana wuri. Inna ko ƙanwata, idan kina da juna biyu, ko kina zargi, faɗa kafin a kunna na'ura. Wannan ba wurin kunya ba ne.

Ruwan yana da kauri kamar kunu, ɗanɗanonsa na alli. Ba daɗi, amma ba ciwo. Wani lokaci akan fara ba da wani gari mai kumfa don ya buɗe tumbi, sai gyatsa ta taso. Daure ka riƙe ta. Gadon yana miƙewa yana kwanciya, za a ce juya dama, juya hagu, kifa ciki, riƙe numfashi. Akan yi wa wasu allurar Buscopan don ciki ya lafa, tana iya sa gani ya dushe na ɗan lokaci, mai hawan jinin ido ko ciwon zuciya sai ya sanar. Yawanci cikin rabin awa an gama, sai dai in an ce a bi ruwan har ƙaramin hanji, wannan kan ci awoyi. Mai ƙwarewa in ya sha ruwa ya faɗa tun farko.

Bayan an tashi, ci abincinka, ka sha ruwa da yawa, domin bariyam na sa bayan gida ya yi tauri. Za ka gan shi fari kwana ɗaya zuwa uku, kada hankalinka ya tashi, jiki ba ya tsotsar ruwan, fita yake. In ciki ya kumbura, ko bayan gida ya tsaya cak, koma asibiti.

Hoton ba magani ba ne, kuma ba ni ke yanke hukunci ba. Likitan hoto ne ke karantawa ya rubuta sakamako. Wani lokaci sai an ƙara da sa siririn tiyo mai kyamara ta baki, wanda yake iya gutsuro nama a gwada.

A yankinmu kowane ciwon ciki olsa ake ce masa, a yi ta shan maganin kemis shekara da shekaru. Wanda tuwo ya fara tsaya masa, daga baya har kunu, ga rama, ko yana aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, don Allah a kai shi ga likita ba tare da ɓata lokaci ba, kada a jira a gama girbi.