Nasihar gwaggo ga amarya kan tukunyar suya da iska

'Yata, ranar jere na ga an ɗora miki wannan tukunyar lantarki da 'yan kasuwa ke kira eya-firaya a gefen kicin, ƙawayenki suna ta shafa ta suna sa albarka. Na yi miki murna. Na yi shekara uku ina girki da irinta, shi ya sa nake so ki zauna mu yi magana kafin ki jona ta.

Fara da sanin abin da ke hannunki. Kamfanin Philips ya fito da tasa a shekarar 2010, a wani baje kolin kayan lantarki a Berlin ta ƙasar Jamus. Ana ce mata ta suya, amma aikinta ya fi kusa da gashi. A samanta akwai wani ƙarfe mai ɗaukar zafi, da fanka mai hura iskar tana zagaye abinci, zafin yana kaiwa kusan digiri 200. Iskar ce ke ƙyafe bayan abinci har ya yi ƙurus-ƙurus kamar an tsamo shi daga kasko. Dankalin da a da sai kin cika kasko da mai, cokali ɗaya ya ishe shi. A tsadar man gyaɗa ta yau wannan rahama ce ga aljihun maigida, kuma sauƙi ne ga mai hawan jini ko ƙiba da likita ya ce ya rage maiƙo.

Sai maganar wuta. Yawancinsu suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, kusan daidai da dutsen guga. Ƙaramin janareta na kallon talabijin ba zai ɗauke ta ba, haka inbatar da ba ta da ƙarfi. Ki jona ta a soket ɗin bango kai tsaye, kada ki haɗa ta da firji da butar lantarki a doguwar waya ɗaya, don wayar za ta yi zafi har ta narke. In mitarku mai kati ce, ga lissafi: mai wat 1,500 in ta yi minti 20 tana aiki, kusan rabin yunit ta sha. Ki ba ta tazarar taƙi ɗaya daga bango, ki nisanta ta da labule da leda, domin iskar da ke fita ta bayanta tana ƙuna. Rigakafi ya fi magani.

Yanzu ga girkin. Babban kuskuren sabuwar hannu shi ne cika kwandon. Na taɓa ziyartar wata 'yar uwarmu da azumi, saura rabin awa a sha ruwa, ta juye cinyoyin kaza goma sha biyu a kwando ɗaya. Da aka buɗe, na sama sun yi ja, na ƙasa suna kwance cikin ruwansu, da aka tsaga ɗaya sai ga jini a jikin ƙashi. Iska ba ta sami hanyar wucewa ba. Ki jera nama layi ɗaya da 'yar tazara, ki yi zubi biyu ko uku in ya kama, sannu ba ta hana zuwa. Ki tsane ruwan nama kafin ki shafa mai da kayan ƙamshi, ki juya shi a tsakiyar lokaci. Kaza ba ta nuna sai cikinta ya kai digiri 75. In ba ki da ma'auni, ki soka wuƙa kusa da ƙashi, ruwan da zai fito ya zama fari tas. Dankalin Turawa kuwa ki jiƙa shi rabin awa bayan yanka, ki goge da tsumma mai tsabta, ki girgiza kwandon sau biyu. Ki sauke da ya yi ruwan zinariya, kada ki bari ya yi baƙi, ƙonanne ba ya yi wa jiki kyau.

Awara tana kyau a ciki, haka kifi tarwaɗa, doya da aka ɗan tafasa, samosa, da tsiren da kika barbaɗe da ƙuli. Ɗumamen soyayyen nama ma minti huɗu ya ishe shi. Amma ƙullu mai ruwa ba nata ba ne. In kin zuba ƙullun ƙosai, zuba zai yi ta ramukan kwando ya daskare a ƙasa. Ƙosai da fanke suna son mai mai zurfi, masa tana son tandarta, miyar kuka tana son tukunya da maburgi. Don haka kada ki kyautar da kaskon da mahaifiyarki ta sa miki a kaya. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ranar da aka ɗauke wuta baƙi na zaune a falo, shi za ki nema.

In kin gama, ki zare ta daga wuta, ki bari ta huce, ki wanke kwandon da ruwan ɗumi da soso mai laushi. Soson ƙarfe da cokali mai yatsu suna kankare baƙin rufin da ke hana abinci kamawa, in ya kankaru kuma ba ya dawowa. Kada maiƙo ya kwana a ciki, shi ne ke hayaƙi gobe.

'Yata, tukunya ba ta san gishiri ya ji ba, harshenki ne zai sani. Ki tsaya kusa da ita, ki leƙa, ki ɗanɗana, ki riƙe lokacin da kowane abinci ya ɗauka har hannunki ya saba. In abin ya yi daɗi, ki miƙa wa maƙwabciya ko kaɗan ne. Allah ya sa albarka a girkinki, ya zaunar da ku lafiya.