Baƙin yashin da ake kawo mini a leda

Da wuya mako ya wuce wani bai shigo ɗakin gwajinmu a nan Jalingo da leda cike da baƙin yashi mai nauyi ba, irin wanda ke kwantawa a gindin kwano bayan an wanke ƙasa. Tambayar ɗaya ce: "Malam, akwai zinari?" Da na ce babu, sai mutum ya ɓata rai ya ce a zubar.

Amma sau da yawa a cikin irin wannan yashi akwai ilmenait da rutail, duwatsun da ake samun titaniyam daga gare su, da kuma zirkon, wanda ake samun zirkoniyam daga gare shi. Idan an tace titaniyam ko zirkoniyam ya zama farin gari, aka haɗa shi da sinadarin boron da gawayi, aka gasa a murhun da ba iskar da ke shiga, zafinsa ya haura digiri 1,500, sai a samu wani tangaran da ake kira boraid. Baƙin ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538. Shi wannan tangaran sai an wuce 3,200. Ga shi kuma wutar lantarki tana bi ta cikinsa. Kun ga ƙyallin nan na cikin ledar biskit? Alminiyam ne da aka tafasa a ɗan kasko mai ɗauke da boraid na titaniyam, tururinsa ya manne a jikin leda.

Mu dai ba mu kai nan ba. Boron ɗin sai an sayo daga waje, Turkiyya ce ke da mafi yawansa a duniya, kuma kanwarmu ba ta maye gurbinsa, ko da yake an sha tambayata. Abin da ke hannunmu shi ne rarrabe yashin da sanin abin da ke ciki kafin ɗan kasuwa ya saye shi a kuɗin yashin gini.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. Zirkon yakan zo tare da monazait, mai ɗauke da toriyam, sinadarin da ke fitar da tururin nukiliya, kamar yadda aka gani a tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a Jos. Na taɓa shiga gidan da aka jibge buhunan irin wannan yashi a ɗakin da yara ke kwana.

Don Allah, masu wankin ƙasa, ku ajiye baƙin yashin nan nesa da ɗakin kwana, kada ku yi yaɓe da shi, ku rufe hanci idan kuna tankaɗe, ku kawo ɗan kaɗan a gwada kafin ku sayar.