Langa da Gaɗa: Wasannin Dandali a Matsayin Motsa Jiki ga Yara

Gabatarwa

A hutun da ya gabata malaminmu na darasin al'ada ya ba mu aikin tattara sunayen wasannin yara, kowa daga garinsu. Ni da na tashi a Gadau, na yi langa har sai da gwiwoyina suka yi kanta, sai na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Bayan la'asar na tara ƙannena da 'ya'yan maƙwabta a ƙofar gida, na ce su faɗo mini wasannin da suka sani. Suka fara da ƙwallo, suka shiga jero mini sunayen 'yan wasan Ingila da na Sifen. Da na ambaci langa duk sun san sunan, amma da na ce a rabu gida biyu a yi, sai aka rasa wanda ya san wane ne ruwa, ina ne kuma sha. 'Yan matan kuwa sun iya wasu waƙoƙin gaɗa da suka ji a waya, amma ba wadda ta taɓa sakin jiki ta faɗa baya ƙawayenta suka cafe ta.

Wannan shi ya sa na rubuta wannan 'yar maƙala. Abin da nake son nunawa shi ne, dandalin Bahaushe cikakken tsari ne na motsa jikin yara tun kafin a san darasin wasanni a makaranta. Idan wasannin suka mutu, jikin yaro zai yi asara, harshe ma zai yi asara.

Gwargwadon motsin da yaro ke buƙata

Motsa jiki shi ne duk wani motsi da ke sa gaɓoɓi aiki har jiki ya ƙona abincin da aka ci. Masana lafiya sun kasa shi gida-gida. Akwai matsakaici, wanda numfashi ke ƙaruwa amma mutum yana iya magana, kamar tafiya da sauri. Akwai kuma mai ƙarfi, wanda ke sa haki har magana ta riƙa yankewa, kamar tsere.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kimanin minti 60 a kowace rana na motsi matsakaici zuwa mai ƙarfi. Ta ƙara da cewa a ƙalla kwana 3 a mako ya yi motsi mai ƙarfi da irin wanda ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, kamar tsalle da hawa da ɗaga jiki. Dalilin ambaton ƙashi shi ne, a ƙuruciya ne ƙashi ke tara yawancin ƙwarinsa, kuma dira da tsalle suna sa shi ƙara kauri. Wani bincike da hukumar ta jagoranta, wanda aka buga a 2019, ya duba ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya gano cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun wannan sa'a guda. A mata kashi 85 ne, a maza kashi 78. Mu riƙe wannan bambanci, don za mu sake tarar da shi a ƙofar gidajenmu.

Abin da dandali ke koyarwa

Dandali fili ne a tsakiyar gari ko unguwa inda yara ke taruwa, musamman da daddare lokacin farin wata, da kuma kaka bayan an kai amfanin gona gida. Ga kaɗan daga wasannin da irin aikin da kowanne ke yi wa jiki.

Langa wasan maza ne. Yaro zai lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya riƙa tsalle a kan ɗayar. Ana rabuwa gida biyu. Ɓangaren da ke da wasa zai fitar da mutum ɗaya a matsayin ruwa, wanda burinsa ya kai wurin da aka keɓe, wato sha. 'Yan gidansa suna tsaronsa, abokan karawa suna neman ture shi. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita. A nan akwai ƙarfin cinya da sharaɓa, da iya tsayuwa ba tangaɗi, da dogon numfashi.

Gaɗa ta 'yan mata ce. Sukan tsaya a rabin da'ira suna tafi da waƙa, ɗaya ta fito ta taka rawa, sannan ta juya baya ta faɗo, sauran su tare ta su cilla ta sama ta dira. Mai faɗawa tana tsalle da dira, masu tarewa suna aikin damtse da baya. Ga kuma darasin amana, domin ba ta ganin hannuwan da za su tare ta.

'Yar gala-gala ana zana gidaje a ƙasa, a jefa guntun kasko, a bi gidajen da ƙafa ɗaya ba tare da taka layi ba. Carafke kuwa a zaune ake yi da tsakuwa, a cilla ɗaya sama a kwashi na ƙasa kafin ta faɗo, wanda ke haɗa aikin ido da na yatsu. A ɗan akuyana yara kan riƙe hannuwa su yi zobe, na tsakiya ya yi ta ƙoƙarin ɓalle shingen ya tsere. Sai ɓuya da gare da tsere, waɗanda duk gudu ne, da kokawa wadda ba gaɓar da take bari.

Idan muka ɗora waɗannan a kan ƙa'idar da na ambata, za mu ga ba abin da ya rage. Gudu yana nan, tsalle yana nan, aikin tsoka yana nan, kuma duka ba a sayen komai. Langa ma ta fita daga dandali, domin tana cikin wasannin gargajiya da jihohi ke karawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, tare da kokawa da dambe. An fara wannan gasa a Legas a 1973, kuma jiharmu ta Bauchi ta karɓi baƙuncinta a 1991 da 2000.

Abin da harshe ya taskace

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Da farko mu dubi yawan kalmomin motsi: rarrafe, sanɗa, sassarfa, ɗingishi, tsalle, tuma, dira, birgima, alkafura, lilo. Kowace tana da iyakarta. Yaron da ya yi ɓuya ba ya buƙatar ƙamus ya bambanta sanɗa da sassarfa, domin ƙafarsa ta riga ta koya masa.

Na biyu, azuzuwan aikatau guda 7 da F. W. Parsons ya tsara a 1960, waɗanda ke ba mu wahala a aji, a filin langa a fili suke. Idan aka ce tura shi, aji na 1 ke nan, turawa kawai. Ture shi aji na 4 ne, wato har ya faɗi. Turo shi aji na 6 ne, wato zuwa wajen mai magana. Ba ya turuwa kuwa daga aji na 7 yake, wato aikin ba ya yiwuwa a kansa. Haka ma kama da kame da kamo da kamu. Hasali ma biyu daga cikin nau'o'in langa da ake yi a gasa, tureshi da kawoshi, jimlolin umarni ne da suka dunƙule suka zama suna.

Na uku, amsa-kama. Ya faɗi tim, ya miƙe zumbur, ya tsaya cak, ya yi wuf ya kama, ta cafe caraf. Duk wanda ya saurari kalmar carafke zai ji amon caraf a cikinta. Na huɗu, kalmomin da wasa ya ba wa wata ma'ana ta daban. Ruwa a langa mutum ne, sha kuwa wuri ne, kisa a dambe kayar da abokin karawa ne. Wanda ya taɓa kaiwa sha ana bin sa a guje ya fi kowa fahimtar abin da ake nufi idan aka ce wane ya sha da ƙyar.

Wannan ya nuna cewa wasan ne gidan kalmar. Ƙannena sun riƙe sunan langa, amma ruwa da sha na cikinta sun riga sun kuɓuce musu.

Me ya kawo canji?

A ganina dalilai huɗu ne. Na farko fili. A Azare, har ma da Gadau tun bayan kafa jami'a a 2011, wurare da dama da yara ke taruwa sun zama gidaje da shaguna. Na biyu lokaci. Yaro ya tafi boko da safe, Islamiyya da yamma, da daddare ga aikin gida, ba a ware wa wasa ko rabin sa'a ba. Na uku waya da gidan kallo, inda yaro ke zama sa'a biyu yana kallon wasu suna gudu. Na huɗu tsoro, domin iyaye da yawa ba sa sakin jiki da fitar yara da dare, kuma suna da hujja.

Makaranta ce ya kamata ta cike gurbin, tunda darasin motsa jiki da kiwon lafiya yana cikin manhaja. Amma a makarantar da na yi firamare, a kan allo muka yi shi. Mun zana filin ƙwallo a littafi, mun haddace tsawonsa da faɗinsa, mun ci jarrabawa ba tare da mun yi gumi ba.

Asarar ta fi faɗawa kan 'ya mace. Namiji ko ba langa yana da ƙwallo a lungu. Yarinya kuwa idan gaɗa ta tafi ba abin da ya maye gurbinta.

Wani zai ce yaran karkara ai ba su rasa motsi ba, ga noma, ga kiwo, ga ɗebo ruwa, ga talla. Gaskiya ne, kuma wannan ma motsi ne. Sai dai aiki yakan maimaita abu guda a kan gaɓa guda, kamar tulu a ka ko sunkuyo a kunya, wani lokaci ma nauyin ya fi ƙarfin yaron. Wasa kuwa yana zagaya jiki duka, kuma yaro ne ke tsayawa da kansa idan ya gaji. Shi ya sa Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 31, ta sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro.

Tsarin da za a iya bi

Ba dole ne a yi minti 60 a zama ɗaya ba. Ga shawarata ga malamin firamare ko yayan da ke da ƙanne. Tafiya makaranta da dawowa da ƙafa za ta iya ba da minti 20. A lokacin tara a ware minti 20: maza langa ko tsere, mata gaɗa ko 'yar gala-gala, a riƙa sauyawa kullum. Sauran minti 20 a yi su a ƙofar gida ko tsakar gida kafin magariba, a gaban babba. Da haka an kauce wa matsalar dare.

Akwai abubuwan kiyayewa. A share filin daga ƙaya da fasasshiyar kwalba. A watannin Maris zuwa Mayu kada a yi wasa da tsakar rana, kuma a ajiye ruwan sha kusa. A langa da kokawa a haɗa tsara da tsara. Yaro mai asma ko amosanin jini a bar shi ya yi daidai ƙarfinsa, ya huta idan ya nema, wanda ke zazzaɓi kuwa a bar shi ya warke. Mai lalurar ƙafa a ba shi carafke ko alƙalanci, kada a mai da shi ɗan kallo. Yaron da bai karya ba kada a sa shi gudu. Iyo kuma, duk da amfaninsa, a yi hattara da kududdufi da ruwan fadama, domin a irin wannan ruwa ne ƙwayar cutar tsargiya ke fita daga jikin dodon koɗi ta shiga fatar mai wanka.

Kammalawa

Magabata sun yi nasu. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni tun a farkon shekarun 1970. Amma ƙasar Katagum tana da karin harshenta, wato Guddiranci, kuma sunan wasa da dokarsa sukan sauya daga gari zuwa gari. Abin da ba mu rubuta ba, ba lallai ne wani ya zo ya rubuta mana ba. Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya zauna da tsofaffin gidansu ya rubuta sunan wasa, da masu yin sa, da lokacinsa, da kayansa, da dokokinsa, da kalmomin da ake furtawa a cikinsa. Idan zai ɗauki murya ko hoton yara ya nemi izinin iyaye. Bayan haka kada ya tsaya a takarda, ya koya wa yaran su yi.

Ni dai haka na yi. Washegari na shata sha a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, na kama ƙafata na zama ruwa. Ban yi tsalle goma ba wani ƙanena ya ture ni na faɗi tim, yara suka yi ta dariya. Kafin hutu ya ƙare su da kansu suke raba gida, har suna gardama a kan wanda ya saki ƙafa. Da ma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.