Darasi na 7: Dogon Yaro a Gindin Katanga

Dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, asalinsa itacen ƙasar Hindu ne. Cikin shekara ta 1928 aka fara dasa shi a Barno. Inuwarsa da daɗi, amma in ya tsiro a gindin katanga, saiwoyinsa su kan tsaga gini, har ɗaki ya rushe da damina.

Mai gida ya kan sare shi, ya ce ya huta. Ba a jima ba sai kututture ya yi toho. Dalili kuwa, saiwa ita ce rumbun itace. Ganye ke yin abinci, ita tana ajiyewa.

To, ga dabara. Da kaka, tun ƙasa ba ta yi tauri ba, ka haƙa rami kewaye da kututturen. Ka datse saiwoyin gefe da gatari, sa'an nan uwar saiwa, ka tumɓuke shi, ka cike ramin. Kowane toho ya fito daga baya, cire shi nan da nan. In babu ganye, rumbu ya ƙare, saiwa ta mutu.

Tsuntsaye da jemagu ke yar da ƙwayarsa. Saboda haka kowace damina ka duba gindin katangarka. Abin da yatsa biyu ke cirewa bana, baɗi sai gatari.