Yadda Ɗalibi Ke Zana Taswirar Duwatsu a Daji

Ɗalibin da ya shekara biyu a jami'a yana nazarin ilmin ƙasa da duwatsu, har ya haddace sunayen ma'adinai kamar yadda almajiri ke haddace Ahalari, amma bai taɓa tsayawa bisa fa da guduma a hannunsa ba, misalinsa kamar wanda ya karance babin hajji ne tun daga harami har ɗawafin bankwana, alhali kuwa ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa malaman fannin suka wajabta fita daji, a yanka wa kowane ɗalibi yankinsa, a ce ya taka shi da ƙafa, ya komo da taswira da bayanin abin da ke ƙarƙashin gonakin mutane.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da aka kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, ƙoramu suka janye suka bar duwatsun gindinsu a fili. Kafin a tashi, sai ɗalibi ya nemi taswirar yankin mai ma'aunin 1:50,000, watau wadda santimita 2 a kanta ke daidai da kilomita 1 a ƙasa, ya zauna da ita kwana biyu ko uku har ya san inda tudu yake da inda fadama take. Guzurinsa kuwa bai da yawa: guduma, da kamfas mai auna karkata, da ɗan madubin ƙara girma, da 'yar kwalbar asid mai rauni, da littafi mai kaurin bango, da fensir, domin tawada ba ta jimre wa gumi. Ya kuma auna takunsa, ya shimfiɗa igiya ta mita 100 ya bi ta sau huɗu yana ƙirgawa, ya ɗauki matsakaici, don ranar da batirin waya ya mutu ƙafarsa ce za ta zama ma'auninsa.

Da isa, ba a fara da dutse, da mutane ake farawa. Ladabi ne, kuma hikima ce, a je ƙofar dagaci a yi gaisuwa, a ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, karatu ya kawo mu," a bayyana masa abin da za a yi ba tare da ɓoye kome ba, gama duk baƙon da aka gani yana fasa dutse yana sawa a jaka, zaton farko da za a yi masa shi ne zinariya yake nema. A nan ne za a ji inda maƙabarta take, da tsaunin da ba a hawa, da dajin da a wannan zamani hankali bai yarda a shiga ba. In da hali, a nemi mai haƙar rijiya na garin a zauna da shi, domin shi ya san gaba nawa ake yi kafin a wuce marmara, da inda ake tarar da yumɓu, da inda fa ke tare diga. Ni dai ban taɓa zama da irin waɗannan mutane na tashi hannu wofi ba.

Sa'an nan sai tafiya. Tsofaffin duwatsun ƙasar Zazzau da Birnin Gwari galibi jijiyarsu ta miƙe ne daga kudu zuwa arewa, saboda haka mai hankali gabas da yamma yake ratsawa, don ya gitta iri-iri a yini guda, maimakon ya bi bayan iri ɗaya har la'asar. Duk inda ya tarar da dutse a fili, wajibinsa na farko ya tabbatar da inda yake tsaye: ya auna alƙiblar wasu alamomi biyu da ke cikin taswira, kamar dutsen Kufena da wata gada, ya ja layi daga kowanne, mahaɗarsu ita ce matsayinsa, ya sa mata lamba. Kana ya zagaya dutsen tukuna kafin ya taɓa shi, ya fasa gefe don ya ga cikinsa, tun da yake rana da ruwa sun sake kamannin bayansa. Ya duba da madubi, ya karta da wuƙa, gama dutsen ƙanƙara ba ya kartuwa da wuƙa, kuma ya ɗiga asid, in ya ga kumfa ya san dutsen farar ƙasa ne, irin na Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato. Inda dutse ya kwanta a karkace, akwai wata dabara mai sauƙi: a zuba ɗan ruwa a kansa, inda ruwan ya gangara nan ne fuskar karkatarsa, layin da ya gitta wannan kuwa shi ne miƙewarsa, sai a ɗora kamfas a karanta duka biyu, bayan an nisantar da guduma, don ƙarfe yana ruɗa allurar.

To, a nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin a nan ne ake gane ɗalibin kirki. Malamanmu na zaure sun bambanta matani da sharhi, ba su yarda mai kwafe littafi ya cusa ra'ayinsa cikin maganar mawallafi ba, sai dai ya rubuta shi a gefe. Haka nan ya kamata littafin daji ya kasance. Shafin dama na abin da ido ya gani ne kurum, watau launi, da girman ƙwaya, da adadin da kamfas ya nuna, da zane wanda aka sa masa ma'auni da alamar arewa. Shafin hagu kuwa na zato ne da ƙiyasi, kamar a ce, tun da wannan farar jijiya ta yanka baƙin dutsen, lalle ita ce ta zo daga baya. Na taɓa ganin wani yaro mai kaifin basira wanda ya rubuta sunan dutse tun daga nesa saboda ya karanta cewa irinsa ne a yankin, da muka tilasta shi ya fasa sai ga wani abu dabam, ya zamana aikin kwana uku ya rushe, domin bai bar wa kansa wata shaida da zai koma gare ta ba. Kada a raina abin da ido da guduma ke iya tabbatarwa: wani masani mai suna Falconer, a littafinsa na 1911, ya raba tsofaffin duwatsun Arewa da ƙannensu na Jos tun ba a auna shekarunsu da na'ura ba, daga baya awo ya gaskata shi, aka sami na farko sun kai wajen shekara miliyan 600, na Jos da Riruwai masu kuza kuwa ba su cika miliyan 200 ba.

Samfurin dutsen da za a ɗauka kuwa kada ya wuce girman dunƙulen hannu, a rubuta masa lambarsa nan take.

Da dare, kome gajiya, ba a kwanciya sai an mayar da aikin yini bisa taswira, kowane irin dutse da launinsa. Iyakar da aka gani da ido tsakanin iri biyu, a ja ta da layi ɗorarre. Wadda ƙasa ta rufe, aka yi mata kirdado, a ja ta da layi tsinke-tsinke, don mai karatu ya san inda yaƙini ya ƙare. Wanda ya tara aikin mako ya ce sai ya koma makaranta, zai tarar duwatsun sun gauraye a kansa.

Bayan an komo ne ake yanka samfurin a goge shi har kaurinsa ya zama milimita 0.03, haske ya riƙa ratsa shi, a duba a na'ura, a ga ko sunan da aka ba shi a daji ya tabbata. In bai tabbata ba a gyara a cikin rahoto, amma kada a kankare abin da ke littafin daji, gama tare za a miƙa su, kuma malami mai tahaƙiƙi littafin yake fara buɗewa. Roƙona ga ɗalibai ɗaya ne: ranar barin gari ku koma ku yi wa dagaci sallama, in kuma kun lura da wurin da fa ke kusa da sama, ku faɗa wa mai haƙar rijiya kafin ya sa diga.