Yadda Ake Zaɓen Na'urar Gani da Dare Don Gadin Gona da Garke a Ƙasar Daura

Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Daberam ko ta Sabke ya san ɓarnar da dare ɗaya ke yi. Shanun da suka kuɓuce wa mai su kan tattake fangalin albasa, dila kan fasa kankana, ɓarawo kuma kan yashe tumatir kafin asuba. Haka makiyayi a Baure ko Zango yake kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan maruƙa da 'yan awaki. Tocila ce makamin kowa, amma tocila tana tona asirin mai riƙe da ita kafin ta nuna masa abin da yake nema. Shi ya sa na'urorin gani da dare suka fara ɗaukar hankalin mutane.

An ƙera yawancinsu ne don mafarautan Turai da Amurka. A Sikotilan, inda barewar daji ta kai kimanin miliyan 1 tana cinye ƙananan itatuwa, an gyara doka a 2023 aka yarda masu izini su ɗora irin wannan na'ura a kan bindiga don rage yawanta. Mu nan barewa ƙarewa take yi, ba yawa ta yi ba, kuma wanda ya bi ragowarta da na'ura cikin dare ya ci amanar jikokinsa. Abin da manomi da makiyayin Daura suke bukata shi ne ta riƙewa a hannu, wadda za ta nuna musu abin da ya shigo, su gane shi sarai kafin su ɗauki kowane mataki. Ga yadda ake zaɓenta.

Mataki na 1: Auna wurin da za ka tsare

Kafin ka tambayi kuɗin komai, je gonar da rana ka tsaya inda kake kwana, a bukka ko kan dakali. Taka zuwa iyaka mafi nisa kana ƙirga taku. Kadada guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, kuma gonakin rani da yawa ba su kai haka ba. Idan iyakarka ba ta wuce mita 150 ba, sayen na'urar da ake tallata tana hango abu daga kilomita 2 asarar kuɗi ce. Duba kuma abin da ke tsakaninka da iyakar: karan dawa, darni, kargo, sabara ko kunyar gini. Babu na'urar da ke ratsa bango ko kara mai kauri, kome tsadarta.

Mataki na 2: Share hanyarka da hukuma

A Najeriya na'urorin gani da dare suna cikin kayan da ba a shigo da su sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma kwastan na kama waɗanda ba su da ita. Saboda haka kada ka karɓi wadda aka tsallako da ita ta ɓarauniyar hanya daga iyakar Kongolam don an ce da araha. Saya a hannun dillalin da zai nuna maka takardun shigowa, ya ba ka rasidi mai ɗauke da lambar na'urar.

Da ta zo hannunka, sanar da mai unguwa da dagaci, ka kai rasidin ofishin 'yan sanda na yankinku su san da ita. Jihar Katsina na fama da 'yan bindiga da masu yi musu leƙen asiri, har gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023. A irin wannan yanayi, mutumin da aka tsinta a daji cikin dare da abin hange a hannu, babu wanda ya san da zamansa, yana iya faɗawa cikin tuhumar da bai ji ba bai gani ba. Ɗora ta a kan bindiga kuwa wata magana ce daban da ta shafi dokar makamai ta 1959 da dokokin kare namun daji, kuma gadin gona bai bukaci hakan ba.

Mataki na 3: Rarrabe iri biyun da ke kasuwa

Iri na farko shi ne mai ganin zafi. Ba ruwansa da haske ko kaɗan. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani turiri da ido ba ya gani, na'urar kuma tana mayar da shi hoto: jikin akuya ya fito fari tas, ƙasa mai sanyi ta yi duhu. A daren da babu wata, zai nuna maka zomo a gindin geza daga nesa. Amma siffa kawai yake bayarwa. Ba ya nuna launi, ba ya nuna tambarin da ke jikin sa, daga nesa kuma ba ya nuna fuskar mutum.

Iri na biyu shi ne na dijital mai ƙara haske. Kyamara ce mai jin ƙaramin haske, da wata fitila tata wadda idon mutum ba ya ganin haskenta. Yana nuna ƙaho, da igiyar wuya, da zanen riga, amma sai ka riga ka san inda za ka duba, domin dabbar da ta lafe a ciyawa ba ta fita dabam. Fitilar iri biyu ce: mai lamba 850 ta fi nisa amma bakinta na yin ɗan ja kamar garwashi wanda na gabanka zai iya hanga, mai lamba 940 kuma ta fi ɓoyuwa amma nisanta bai kai ba.

A taƙaice, mai ganin zafi na nemowa, na dijital na tantancewa. Mai ganin zafi ya ninka ɗayan tsada. Wanda gonarsa ƙarama ce kuma fili ne, na dijital ya ishe shi. Mai garke ko mai gona da yawan duhuwa, mai ganin zafi tare da tocila mai ƙarfi ya fi masa amfani.

Mataki na 4: Gwada su da yanayinmu

Masu tallar waɗannan kaya suna ɗaukar hotunansu ne a ƙasashen sanyi, inda dabba ke fita fes a kan ƙasa mai raɓa. Jikin saniya ko akuya yana kusan digiri 38 zuwa 39. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Daura kan haura digiri 40, kuma yashi da duwatsu da bangon laka suna riƙe zafin har bayan isha'i. A wannan lokaci mai ganin zafi mara kyau sai ya nuna maka fili duk ya yi fari, dutse da tunkiya ba bambanci, sai can tsakar dare idan ƙasa ta huce. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da aikin lambu ke kan ganiyarsa, dare na da sanyi, kuma a nan ne yake nuna bajintarsa.

Na dijital kuma ƙurar hunturu ce abokiyar gabarsa: hasken fitilarsa na bugun ƙurar ya dawo ido, hoton ya yi hazo. Ganye ko kara da ke kusa da kai ma kan ɗauke hasken, abin da ke bayansu ya yi baƙi ƙirin. Da damina, musamman a Agusta, laima na rage kaifin mai ganin zafi, domin ruwa kan daidaita ɗumin komai.

Mataki na 5: Karanta lambobin da ke jikin kwali

Idan mai ganin zafi ka zaɓa, lambobi huɗu ne abin lura.

Na farko, yawan ɗigon hoto na ainihin idon na'urar: 256×192, ko 384×288, ko 640×512. Kula, wasu dillalai kan karanto maka lambar allon da kake leƙawa, wadda ta fi girma, alhali ba ita ce ma'auni ba. Don gona, 256 na aiki a kusa, 384 kuwa shi ne tsaka-tsakin da ba a nadama.

Na biyu, girman gilashin gaba: milimita 19, 25, 35 ko 50. Ƙaramin gilashi na buɗe fili da faɗi, babba na jawo nesa amma yana matse faɗin. Mai 384 da gilashin milimita 19, idan lambar girman kowane ɗigonsa 12 ce, yana nuna faɗin kusan mita 24 daga nisan mita 100. Mai milimita 25 kuma kusan mita 18. Mai gadi faɗi ya fi bukata.

Na uku, lambar da ake rubutawa NETD, wadda ke nuna ƙanƙantar bambancin zafin da na'urar ke iya ji. Ƙaramar lamba ta fi. Saboda bazararmu, nemi ƙasa da 35, idan aljihu ya yarda ƙasa da 25.

Na huɗu, saurin sabunta hoto: 50 a daƙiƙa ya fi 25 santsi idan kana juyawa da ita. Mai 9 kuwa hotonsa na tsalle-tsalle, ka bar shi.

Kada nisan da aka buga da manyan haruffa ya ruɗe ka, domin nisan hango ɗigon zafi ne kawai. Ga lissafin: da gilashin milimita 25 da ɗigo mai lamba 12, kowane ɗigo na rufe kusan santimita 5 a nisan mita 100. Akuya mai tsayin santimita 60 za ta samu ɗigo 12, ka ga ƙafafunta da kanta. A mita 300 ɗigo 4 kacal za ta samu, wato ɗan farin tabo da zai iya zama akuya, ko kare, ko yaro a durƙushe. Maɓallin jawo hoto ba ya ƙara komai, ƙara girman tabon kawai yake yi.

Mataki na 6: Duba batir da juriya

Zaɓi wadda ake cire batirinta, musamman mai cin batir 18650 da ake samu a wajen masu sayar da tocila, ko wadda ke karɓar caji daga fawa-bank. Batirin da aka rufe a ciki, ranar da ya mutu na'urar ta zama kayan ajiya. Nemi alamar IP67, ma'ana ƙura ba ta shiga kuma tana jure ruwa. Kamfanoni irin su Pulsar, HIKMICRO, InfiRay da AGM sanannu ne, amma suna ba ya hana jabu, don haka tambayi garanti a rubuce da inda ake kai gyara. Ƙananan kyamarorin zafi da ake sokawa a gindin waya yawanci na masu gyaran lantarki ne, ba su da nisa.

Mataki na 7: Gwada kafin ka biya

Gani ya kori ji. Ɗora tafin hannunka a bango ka ƙirga goma, ka ɗauke, ka duba da na'urar: mai ganin zafi na gaske zai nuna sawun yatsunka biyar suna haske a bangon, suna dusashewa a hankali. Sa wani ya tsaya a bayan gilashin taga ko na mota. Na gaske ba ya ratsa gilashi. Idan ka ga mutumin sarai, kyamara ce aka shafa wa launi. Idan ka ji ɗan ƙaran "ƙyas" hoton ya tsaya na ƙiftawar ido, ba lalacewa ba ce, na'urar ce ke daidaita kanta. Sannan ka nemi a bar ka ka gwada bayan magariba, ka tura yaro da akuya zuwa taku 50, 100 da 150, ka ga inda ka daina rarrabe su. Wannan shi ne ainihin nisan na'urar.

Mataki na 8: Koyi aiki da ita

Rage hasken allon, ka leƙa da ido ɗaya, domin idon da ya sha haske kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya sake sabawa da duhu. Juya a hankali daga iyaka zuwa iyaka, ka kashe, ka saurara. Idan ka ga zafi, tsaya ka kalli tafiyarsa: saniya na kiwo kai a ƙasa, dila na sassarfa yana tsayawa, mutum na miƙe. Yi gyaran murya, yi sallama, haska tocila. Sau da yawa maƙwabci ne ya zo juya ruwa, ko ɗan Fulani na bin sawun ɓatacciyar karsana. Idan dabbar wani ce, kora ta ko ka ɗaure, da safe a kai maganar gaban mai gari. Idan mutane ne da makami, kada ka tunkare su, janye ka kira jami'an tsaro.

Kada ka yi tafiya kana leƙe. Maciji jikinsa na bin zafin ƙasar da yake kwance, don haka sau da yawa kububuwa ba ta fita a mai ganin zafi. Tocila da takalmin roba mai tsawo suna nan a matsayinsu. Kada ka nuna na'urar ga rana ko wutar walda. Gilashin gaban mai ganin zafi na wani ma'adini ne mai suna jamaniyam, yashi na karce shi, saboda haka busa ƙurar tukuna kafin ka goge da ƙyalle mai laushi.

Tun da kuɗin na'urar ya fi ƙarfin yawancin manoma, hanya mafi kyau ita ce ƙungiyar masu lambu ɗaya ko masu garke a ruga ɗaya su haɗa kuɗi su sayi guda. A ajiye ta wajen shugaban ƙungiya, a buɗe littafi a rubuta wanda ya karɓa da daren da ya karɓa, a kuma yi yarjejeniya gaban dagaci cewa ba za a ba da aronta ga baƙo ba, ba kuma za a shiga farauta da ita ba.