Yadda Birni Ke Shirin Damina

Canjin yanayi yakan sa ruwan sama ya zuba da yawa cikin ɗan lokaci, har magudanai su kasa ɗauka. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayu 2025, wadda ta hallaka fiye da mutum 150, ta isa ishara ga Minna, babban birnin Jihar Neja.

Shirin kuwa kashi uku ne. Na farko, hukuma ta yi aiki da hasashen damina wanda NiMet ke fitarwa kowace shekara. Na biyu, a yashe magudanai tun da rani. Na uku, a hana gini bisa hanyar ruwa, musamman bakin kogin Chanchaga.

Wajibi ne masu unguwanni su gargaɗi jama'a cewa sharar da aka zuba a lambatu, ita ke juyo da ruwa cikin gidaje.